Fitilar hazo mai cin ƙwai: nazarin gyaran da mai mota ya yi da hannunsa

Motar ƙarama ce mai ƙofa huɗu, ta haura shekara goma a kan hanya, kuma ƙanina a hannun wani ya saye ta. A bambar gaba akwai fitilun hazo guda biyu masu zagaye, irin waɗanda mota ke fitowa da su daga masana'anta. Ƙorafinsa ɗaya ne: ta hagu tana cin ƙwai. A sa sabo, ya yi 'yan makonni ya mutu. A sake sa wani, shi ma ya bi sahu. Ta dama tana kamawa, amma haskenta ja-ja ne, ba ƙarfi. Duk lokacin da aka canza, wani ne ya sa masa, shi kuwa tsohon ƙwan yake ɗauka ya je a ba shi irinsa. Wannan karon ya ce da kansa zai yi, kuma abin da ya zo nema a wurina shi ne sunan ƙwan da ya fi ƙarko.

Na ce masa kada ya sayi komai tukuna. Ƙwan da ya mutu sau biyu a mazauni ɗaya ba shi ne mai laifi ba, akwai abin da ke kashe shi, kuma muddin ba a gano abin ba, na uku ma hanyar zai bi.

Abin da ido ya fara gani

Kafin a taɓa sukudireba, akwai abin da fitilar dama ta riga ta gaya mana. A yawancin motoci fiyus ɗaya da rile ɗaya (ɗan makunnin lantarki da ke sakar wa fitila wuta) ne ke ciyar da fitilun hazo biyun. Tunda ɗaya tana kamawa, makunnin da ke jikin sitiyari lafiyarsa lau, rile yana aiki, fiyus bai ƙone ba. Matsalar ta hagu tana can ƙasa, daga inda wayar ta rabu biyu zuwa ƙwan. Da a ce duka biyun ne suka mutu, da daga akwatin fiyus za a fara. A nan ma akwai wani abu da ke ruɗa mutane: motoci da yawa ba sa barin fitilar hazo ta kama sai an kunna ƙananan fitilu ko gajeren haske, wasu kuma suna kashe ta da kansu da zarar an ɗaga dogon haske. Mutum sai ya ɗauka fitilarsa ta lalace alhali haka aka tsara ta.

Da ya durƙusa da tocila a gaban bamba, sai ga tsaga siririya a gilashin fitilar hagu, daga gefe ta gangaro ƙasa, inda tsakuwa ta taɓa bugunsa. A ciki akwai zanen laka da ya nuna iyakar inda ruwa yake kwanciya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga fitilar da ke zaune ƙasa da gwiwar mutum. Ita ce ke shan duk tsakuwar da tayar motar gaba ta harbo, ita ce kuma ke fara shiga kududdufi.

Isa ga bayan fitilar bai buƙaci jak ba. An tsayar da motar a wuri mai daidai, an ja birkin hannu, an murza sitiyari har ƙarshe, sai sarari ya buɗe a ramin taya. Robar kariya da ke ciki maɓallan roba ne da 'yan sukurori ke riƙe da ita. A ɗaga tsakiyar maɓallin da bakin sukudireba, sannan a zare shi gaba ɗaya. Wanda motarsa ta tilasta masa ɗagawa, kada ya kuskura ya sa kai ko kafaɗa a ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita, sai an kafa ƙarfen tokara. Kuma a bar fitila ta huce, domin ƙwan halojin yana ƙona fata nan take.

Ƙwan irin H11 ne, wanda ake murzawa hagu kaɗan ya fito. Da ya fito, gilashinsa ya tsage, cikinsa ya yi fari fat kamar an hura masa hayaƙi. Wannan farin alama ce da ba ta ɓuya: iska ce ta shiga ƙwan yana ci, zaren da ke ciki ya ƙone a cikinta. Ƙwan da tsufa ya kashe ba haka yake ba, zarensa ne kawai ke tsinkewa, gilashin ya zauna garau ko ya ɗan yi duhu. Ruwan sanyi ne ya fantsamu a kan gilashi mai tsananin zafi ya fasa shi. Dalili na farko ke nan, kuma da a nan aka tsaya, da an sayi gidan fitila ɗaya an rufe, an bar babbar matsalar a ciki.

Abin da ya hana tsayawa shi ne soket. Ya yi launin ƙasa-ƙasa, gefe ɗaya ya narke ya lanƙwashe, ƙarafunan da ke kama ƙafafun ƙwan sun yi baƙi sun saki. Ruwa ba ya narkar da roba. Sai na ce ya karanta rubutun da ke gindin ƙwan.

"Yaya, 100W aka rubuta," in ji shi. "Ai haka na same shi a motar, shi ya sa nake sayen irinsa."

H11 na ƙa'ida wat 55 ne. Lissafin kuwa ba wuya: a raba wat da volt, a sami amfiya, wato yawan wutar da ƙwan ke ja. Ƙwan wat 55 a kan volt 12 yana jan kimanin amfiya 4.6, biyu su ja 9.2, shi ya sa fiyus mai lamba 15 ya ishe su har da rara. Ƙwan wat 100 yana jan 8.3, biyu su ja 16.7. Abin da ya fi wannan muni shi ne zafin da ke taruwa a mahaɗa ba ya ƙaruwa daidai da wutar, yana ƙaruwa ne da ninkinta a kanta. Idan wutar ta kusa ninkawa biyu, zafin da soket ke sha ya haura ninki uku. Soket ɗin ba don haka aka yi shi ba.

To ta yaya fiyus mai 15 ya jure? Bai jure ba. Murfin akwatin fiyus ya nuna 15 a gurbin fitilar hazo, wanda launinsa shuɗi ne, amma abin da ke zaune a gurbin fari ne mai lamba 25. Labarin ya fito fili: wani a baya ya so ƙarin haske, ya sa manyan ƙwai, fiyus ya dinga ƙonewa, sai ya ƙara masa lamba. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk aikin. Fiyus ba ƙwan fitila yake karewa ba, waya yake karewa. An zaɓi lambarsa ne don ya tsinke kafin wayar ta yi zafin da zai narkar da rigarta. Wanda ya ƙara lambar fiyus bai magance komai ba, ya cire abin da ke tsakanin wayar da gobara ne kawai.

Abin da mita ta nuna

Saura fitilar dama da haskenta ja-ja. Ƙwan wat 100 ne a ciki, amma ba ta kai hasken na 55 mai lafiya ba, kuma wannan ma yana da dalili.

A nan ne masu gyara da kansu suka fi ɓata hanya. Mutum ya zare soket, ya sa mita, wato na'urar auna volt, a bakinsa, ya ga volt 12 da ɗoriya, ya ce wuta tana zuwa. Mita kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba, za ta nuna cikakken volt. Kamar bututun ruwa ne da ya kusa toshewa: famfo na rufe, matsin ruwa yana nan daram, sai an buɗe a ga ɗigo kawai ke fitowa. Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne wanda ake yi fitila na ci, soket na jone.

Haka muka yi. Injin na aiki, batir ya nuna volt 14.1, wanda ke nufin altaneta na caji daidai. A bayan soket ɗin dama, fitila na ci, volt 12.2 ne kawai ke isa ga ƙwan. Kusan volt biyu sun ɓace a hanya. Don a san inda suka ɓace, sai a ɗora tsinken mita ɗaya a kan negatif na batir, ɗayan a kan wayar negatif ta ƙwan. Nan mita ta nuna 1.2. A waya mai lafiya wannan adadin kusa da sifili yake zama, kuma duk layin, zuwa da komawa, bai kamata ya cinye fiye da rabin volt ba. Da muka bi baƙar wayar negatif ɗin, sai ta kai mu ga wani noti a jikin ƙarfen mota bayan bamba, tsatsa ta cinye zoben da ke ƙarƙashinsa. Ragowar asarar a soket ne da ƙafafun rile.

Volt biyu ba ƙaramin abu ba ne ga halojin, domin haskensa yana faɗuwa da sauri fiye da yadda volt ke faɗuwa. A rage masa kashi goma cikin ɗari na volt, sai ya rasa kusan kashi talatin na haske, launinsa ya koma ja. Ina kyautata zaton wannan tsatsar ce tushen komai: haske ya ragu saboda ita, mai motar na baya ya ɗauka ƙwan ne ya yi rauni, ya ƙara wat, zafi ya ƙara lalata mahaɗa, haske ya ƙara raguwa.

Me za a saya

Ƙanina ya so ya like tsagar da silikon. Ban goyi baya ba, saboda gilashin yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, likin ba ya daɗewa, kuma madubin da ke cikin gidan fitilar ya riga ya yi dishi-dishi da laka. Wannan madubin ba ya wankuwa, fentinsa siriri ne ƙwarai, ana gogawa yake barewa. Na dama ma zafin babban ƙwai ya ƙona masa sama. Aka tsaya a kan gidajen fitila biyu, ƙwai biyu na wat 55, soket biyu masu guntun waya, rile ɗaya da fiyus mai 15.

Wajen ƙwai akwai tarko. H8, H11 da H16 kamanninsu kusan ɗaya ne a ido, amma H8 wat 35 ne, H16 kuwa 19, kuma 'yan kunnuwan gindinsu sun ɗan bambanta. Wanda ya kankare kunne don ya cusa H11 a gidan da aka yi wa H16 yana iya narkar da gidan. Littafin motar ne ke da amsa, ko rubutun da ke bayan gidan fitilar, ba tsohon ƙwan da aka zare ba, kamar yadda wannan motar ta nuna.

Ya kuma tambayi LED. Ra'ayina a kai a bayyane yake: cikakkiyar fitilar LED da aka ƙera da gilashinta da madubinta abu ne mai kyau, tana jan wuta kaɗan kuma tana daɗewa. Amma ƙwan LED da ake cusawa a gidan halojin, shi ban yarda da shi ba. An lanƙwasa madubin ne bisa inda siririn zaren halojin ke zaune, idan tushen hasken ya goce ko ya fi zaren kauri, hasken ya watse sama, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu a cikin hazo. A wasu motocin ma kwamfuta na ganin wutar ta yi kaɗan ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta kunna gargaɗi a dashbod. A jikin gilashin fitila mai inganci ana samun harafin E cikin da'ira, tare da B ko F3, alamar ta cika Ƙa'ida ta 19 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun hazo na gaba. Ta Amurka kuwa SAE ake gani da harafin F. Waɗanda muka ɗauka suna da alamar.

Batun rawaya ko fari bai ɗauke mu lokaci ba. Rawaya ba ta ratsa hazo fiye da fari, domin ɗigon hazo ya yi girman da zai watsa kowane launi kusan daidai. Abin da take da shi shi ne ba ta gajiyar da ido kamar fari mai shuɗi-shuɗi, kuma Faransa ta daɗe tana wajabta rawayan fitilun gaba har zuwa 1993. Ya zaɓi fari na halojin, wanda dama yana da ɗan ɗumi a launinsa.

Aikin

Ya fara da kwance negatif na batir da sifana mai lamba 10. Sukurori uku ke riƙe da kowane gida, biyu sun fito salin-alin, na uku a hagu ya kafe da tsatsa, sai da aka fesa masa man kwance tsatsa aka ba shi lokaci. Gaggawa a nan ita ke karya kunnen bamba. Sababbin gidajen suna da L da R, wato hagu da dama, da kibiya mai nuna sama, kuma kowanne yana da ɗan bututun roba a baya wanda bakinsa ke kallon ƙasa. Ƙanina ya so ya toshe shi don kada ruwa ya sake shiga. Na hana, domin ta nan fitilar ke numfashi. A toshe shi, danshin da ke ciki ya rasa mafita.

Haɗa soket shi ne wurin da ya kamata a zauna a yi a natse. Ya yanke tsohon, ya fere wayar, sai ya ga jan ƙarfen ya yi baƙi, don haka ya ƙara yankewa baya har ya isa inda yake sheƙi. Ya haɗa wayoyin biyu ba a wuri ɗaya ba, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, yadda ko rufin ya goge ba za su taɓa juna ba. An matse kowace mahaɗa da ƙarfen matsewa, aka zura mata robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, irin mai gam a ciki. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef ba ya rayuwa a wurin da ruwa da laka ke wanka kullum. Notin negatif kuwa an kwance shi, an goge ƙarfen da samfefa har ya yi fari, an canza zoben, an ɗaure tam, sannan aka shafa giris a kai don hana tsatsa dawowa.

Ƙwan ta gindi ya riƙe shi, bai taɓa gilashin ba, saboda maiƙon yatsa yana zama tabon da ke tara zafi har gilashin ya kumbura ya fashe. In an taɓa bisa kuskure, a goge da sifirit a bari ya bushe. Ya mayar da fiyus mai 15 da sabon rile, ya jona batir, ya gwada kafin ya mayar da robar kariya. Duka biyun suka kama. Mita ta nuna 13.8 a bakin ƙwan, asarar negatif ta sauko 0.1.

Saiti

Shi a ganinsa aiki ya ƙare. A ganina rabin amfanin fitilar yana cikin abin da ya rage.

Hazo ɗigon ruwa ne ƙanana a rataye cikin iska, kowanne yana mayar da haske inda ya fito. Fitilar da ke kusa da tsayin idon direba, ko wadda ke harba haske sama, tana gina masa farin bango a gabansa. Shi ya sa aka saukar da fitilar hazo ƙasa, aka yi haskenta mai faɗi, aka yanke samansa da layi miƙaƙƙe, don ta haska kwalta da gefen hanya ba tare da ta haska hazon da ke gaban gilashin direba ba. Idan ta ɗaga kai ko kaɗan, ta zama abin da ke ƙara makanta, ga mai ita da mai zuwa daga gaba.

Da dare ya yi, aka tsayar da motar a fili mai daidai tana fuskantar bango daga nisan mita 7.6, iskar tayoyi daidai, mutum zaune a kujerar direba. Tsakiyar fitilar daga ƙasa santimita 40 ne. Aka manna tef a bango a tsayin 40, aka manna wani a 30, domin abin da ake so shi ne layin saman hasken ya sauka santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar a wannan nisan. Ta dama ta faɗo kusa da layin. Ta hagu, sabuwa fil daga kwali, layinta ya kai santimita 55, wato sama take kallo. Da an bar ta haka, duk wanda ya zo daga gaba a idonsa za ta sauka. Sukurun saiti yana bayan gidan. Ana kare fitila ɗaya da kwali daga ɗan nesa, a murza sukurun ɗayar a hankali har layin ya zauna a kan tef na ƙasa. Ba a rufe ta da tsumma, zafi zai taru ya lalata gilashin.

Na kuma gaya masa abin da fitilar ba za ta yi ba. Tazara kaɗan take haskawa a gaban mota, don haka ba ta ba mutum damar gudu, ta mai tafiya a hankali ce. Dokar hanya ta Birtaniya ta ɗaure amfani da ita da lokacin da gani ya ragu sosai, wanda ta kwatanta da ƙasa da mita 100, ta kuma ce a kashe ta da zarar gari ya washe. Ko'ina mutum yake, wannan ma'auni ne mai ma'ana.

Bayan aiki

Bayan ruwan sama na farko ya kira ni da damuwa, wai ya ga ɗan gumi a kusurwar gilashin. Wannan ba komai ba ne matuƙar yana bushewa idan fitila ta ɗan ci. Abin tsoro shi ne ɗigo manya masu gangarowa ko ruwa kwance a ƙasa. Ya bushe, bai kuma taru ba. Ƙwan biyu suna nan, fiyus mai 15 bai ƙone ba, soket ɗumi kawai yake yi bayan doguwar tafiya.

Wannan motar ta yi sauƙi ne saboda wayarinta tsohon tsari ne: makunni, rile, fiyus, ƙwai. Motar da sai an sauke bamba mai na'urorin auna tazara, ko wadda kwamfuta ke sarrafa fitilunta, ko wadda ba ta zo da layin fitilar hazo ba sam, gara a kai ta ga mai wayarin mota.

Ko a wannan ma akwai abu ɗaya da bai rufu ba. Wayar da ta tashi daga rile zuwa bamba ta daɗe tana ɗaukar wutar da ta fi ƙarfinta. Mun bi ta da hannu da ido duk inda ake iya kaiwa, rigarta ba ta taurare ba, ba ta kuma tsattsage ba. Amma akwai wani yanki da ya shige cikin damin wayoyi a bayan lagireto, wanda sai an warware damin za a gani. Na sa ya rubuta shi cikin abubuwan da zai nuna wa mai wayarin a sabis na gaba, na kuma ce idan fiyus ɗin ya ƙone kafin lokacin, ko ya ji warin roba a gaban mota, ya zare rilen ya bar fitilun a kashe har a buɗe damin a duba.